Dunduniyar Hagu

A shagon caji na Munzali, wanda ke kusa da tashar 'yan acaɓa a Birnin Gwari, aikin Rebecca shi ne tura wa mutane fina-finai a waya. Mutum zai miƙo memori ya ce a zuba masa na faɗa mai fassarar Hausa, ita kuma ta zuba. Sai dai duk wanda ya yi sakacin bar mata zaɓi, to ya tafi gida da fim ɗin da mace ce jaruma a ciki. Washegari ya dawo yana ƙorafi, wai an haɗa shi da wata ramammiya tana ta jibgar ƙarti. Rebecca ta ba shi haƙuri ta ce kuskure ne. Kafin ya fita kuma ya waiwayo, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaya ko akwai ci gabansa.

Ta san matan nan kaf. Ta san mai dirowa daga saman bene ba ta ko gurɗe ba, da mai tuƙa babbar mota tana harbi da hannu ɗaya, da mai takobi wadda gashinta ba ya hargitsewa ko da an yi yini ana gwabzawa. Tana son su, tana kuma ɗan jin haushinsu, don ba ta taɓa ganin wadda ta tsaya ta ɗora tukunya ba, kuma kusan dukkansu kamar daga sama suka faɗo, ba uwa ba ƙanwa. Amma ba wannan ne ya sa take bin fina-finan ɗaya bayan ɗaya har idonta ya yi ja ba. Wata mace take nema, kuma har yanzu ba ta same ta ba.

Matar takan zo mata da tsakar rana, idan an ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, kasuwa ta yi tsit saboda zafi. Rebecca za ta kifa kai a kan tebur tsakanin wayoyin mutane, barci ya ɗan fizge ta, sai ta ga kanta a daji. Tana tafiya, amma ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Kanta ne a ƙasa yana lilo, busassun ganye da saiwoyi suna wucewa a ƙarƙashinta kamar ruwan rafi, hasken rana yana faɗowa gutsure-gutsure. Wata ce ke ɗauke da ita. Ba ta taɓa ganin fuskarta ba, sai dugaduganta biyu suna ɗagawa suna sauka, ta hagun tana barin jan ɗigo a kan ganye. Can nesa akwai wata ƙara kamar ana soya gugguru. Babu tsoro a mafarkin ko kaɗan. Duk duniya ma babu inda hankalinta ke kwanciya kamar nan, shi ya sa idan wani ya buga tebur yana neman wayarsa takan tashi da fushi. Tuntuni ta yanke cewa wani fim ne ta gani tana ƙarama ya maƙale mata, kuma wata rana za ta ci karo da shi a cikin memorin wani.

Ƙuruciyar tata dama a yayyage take. Tana 'yar ƙarama suka baro ƙauyensu da ke wajen Randagi, shekarar da 'yan bindiga suka watsa shi. An ce a lokacin zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta san inda kanta yake ba. Abin da ta sani shi ne sun zo gari su uku, ita da mahaifiyarta Susan da ƙanwarta Praise, kuma mahaifinsu Enoch bai zo ba. Idan ta tambayi yadda aka yi, Susan takan ce sun fito, Allah ya fito da su, sannan ta aike ta ɗebo ruwa.

Susan 'yar ƙabilar Gbagyi ce ta ainihi, irin wadda ba ta ɗora kaya a ka. Itace ne, doya ce, daron kaɗanya ne, a kafaɗa take ɗauka, ta ɗan karkatar da wuya ta tallafe da hannu ɗaya. Takan ce da kai ake tunani, ba a mai da shi jaki ba. Kafaɗarta ta dama har ta yi kanta, ta fi ɗayar duhu. A firamare yara sun sa Rebecca kuka a kan wannan, suna bin ta suna karkatar da wuya suna tafiyar mahaifiyarta. Daga nan ta koyi naɗa gammo, ta iya ɗaukar bokiti a ka ba ta riƙe ba, fiye ma da waɗanda suka yi mata dariya. Kuma tun daga lokacin, ko coci za su ko kasuwa, sai ta ɗaga ƙafa ta yi gaba, ta bar uwar a baya da kayanta. Ta girma a haka, ba ta taɓa tafiya a bayan mahaifiyarta ba. Susan ta lura, ta ƙyale ta.

Da Munzali ya samu wata waya mai kyamarar kirki, sai ciwon zama darakta ya kama shi. Rebecca ta tasa shi gaba safe da yamma har ya yarda a yi labarinta: wata mace mai suna Maiturare za ta shiga daji ita kaɗai ta ƙwato ƙanwarta daga hannun mugaye. Rebecca ce Maiturare, wannan ba a ma tsaya shawara ba. Ƙanwar kuwa Juwairiyya ce mai awara a gefen shagon, yarinya mai jiki da yawan dariya, wadda ta yarda bisa sharaɗin ba za a sa ta gudu ba. Sai Labaran ɗan acaɓa, wanda shi zai riƙa kwasarsu zuwa wurin ɗauka. Shi tun farko ya sa rai shi ne jarumi, har ya sayi baƙin tabarau, sai ga shi an ba shi yaron bos wanda ake kashewa tun fim bai yi nisa ba.

Ƙarshen labarin ne ya jawo gardama. Rebecca ta tsara cewa za a harbi ƙanwar ta suma, Maiturare ta ɗauko ta ta fito da ita daga daji da ƙafa. Labaran ya ce wannan kam ko yaro ba zai yarda ba. Wai matan fina-finan waje igiya ce ke ɗaga su, kwamfuta ke yi musu ƙarfin, amma mace ta ɗauki mutum kamar Juwairiyya ta yi tafiya da shi, sai dai a mafarki. Ya kawo tasa shawarar: a ce yaron bos bai mutu ba, ya tuba, ya zo da babur a guje ya kwashe su duka biyun. Munzali mutum ne da duk wanda ya yi magana ƙarshe shi ke da gaskiya a wurinsa. Ya sosa ƙeya, ya ce to a bari sai ranar ɗauka. In Rebecca ta iya, ƙarshenta ya tsaya. In ta kasa, babur ya shigo. Rebecca ta amsa da sauri, don a fim ta ga ana yi ba ko nishi. Sai da ta koma gida abin ya dame ta. In babur ya shigo, to duk dukan da Maiturare ta yi a banza ne, ta koma irin matan da ke zaune a gindin bishiya suna jiran a zo.

Ranar ɗauka ta faɗo a farkon damina. Suka wuce gonakin masara da suka fara tsiro, suka ɗan shiga daji suka tsaya, inda mata suka soma komawa tsintar kaɗanya tun da abubuwa suka ɗan lafa. Munzali ya riga ya sanar da 'yan sa-kai, don kada wani ya hango bindigogin katako da aka shafa wa baƙin mai ya ɗauka da gaske ne. Rebecca ba ta taɓa matsowa kusa da dajin haka ba tun da ta yi wayo. Ta yi zaton za ta ji tsoro, sai ta ji wani irin barci-barci mai daɗi. Ƙasa na ƙamshin ruwan jiya. Itatuwan doka sun yi sabon ganye jajaye, kurciyoyi na kira daga wurin da ba a gani, nunannun kaɗanya suna faɗowa ɗaya-ɗaya da ƙaramin sauti. Inuwa da haske suna ta sauya wuri a kan ciyawa ko da iska ba ta motsa ba. Ta tsaya tana kallo har sai da Munzali ya kira sunanta ya sake kira.

Faɗan ya tafi daidai. Ta yi tsalle daga kan suri, ta doke abokan Labaran da aka ɗauko haya da alkawarin awara, suka zube yadda aka koya musu. Labaran ya mutu, amma ya daɗe yana mutuwar, yana juyi yana kallon kyamara, har Munzali ya roƙe shi ya ƙarasa. Aka zuba wa Juwairiyya zoɓo mai kauri a riga, ta kwanta a gindin kaɗanya ta rufe ido tana danne dariya. A lokacin hadari ya fara haɗowa daga gabas, Munzali ya ce a yi sauri.

Rebecca ta durƙusa ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan Juwairiyya, ɗaya ƙarƙashin gwiwoyinta, yadda ta gani ba adadi. Ta yunƙura, ta ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, suka kife tare. Ta sake, suka sake kifewa. Aka ce ta gwada goyo. Amma wadda ta suma ba ta riƙe wuya, ƙafafun Juwairiyya suka riƙa jan ƙasa, abin ya koma kamar ana kai ƙatuwar yarinya rigakafi, har waɗanda aka kashe suka tashi zaune suna dariya. Labaran ya ce ko a kawo mata gammo ne ta ɗora ta a ka. Bayan Rebecca ya riƙe. Munzali ya dubi sama, ya dubi cajin wayarsa, ya ce wallahi ba don ya ƙi ba. Labaran bai jira an gama maganar ba, ya je ya tayar da babur, yana gyara tabarau a madubi.

A daidai nan matan da suka shiga tsintar kaɗanya tun safe suka fito a jere, kowacce da daro a kafaɗa, suna sauri kada ruwa ya tare su. Suka ga yarinya kwance jina-jina, suka ga wasu na dariya, suka tsaya. Susan na cikinsu. Rebecca ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Susan ba ta taɓa kallon fim ya kai ƙarshe ba. Takan tambayi ina mutanen ciki suke samun lokacin wannan guje-guje, sannan ta yi gyangyaɗi. Ta sauke daronta ta matso, ta taɓa jinin da yatsa ta sansana, ta gane zoɓo ne, ta girgiza kai. Munzali ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani dalla-dalla cikin ladabi. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juya ga 'yarta ta yi mata magana da Gbagyi. Ta ce da hannu take ɗagawa, hannu kuwa na tuƙa tuwo ne, ba ya ɗaukar mutum ya yi nisa da shi.

Rebecca ta amsa da Hausa, da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Mama, fim muke yi. Ba itace muke ɗauka ba."

Matan suka dubi juna. Ita kanta Rebecca ta ji nauyin abin da ta faɗa, amma ya riga ya fita. Susan ba ta ɓata rai ba. Ta dubi Juwairiyya, ta ce ba za ta gwada da 'yar mutane ba. Ta ɗaure zaninta tamau, ta tako har gaban 'yarta, ta sunkuya. Kafin Rebecca ta gane abin da ake ciki, kafaɗa mai tauri ta shige mata ciki, hannu ya zagaye cinyoyinta, duniya ta juye.

Ta buɗe baki za ta ce a sauke ta, sai maganar ta tsaya. Kanta na ƙasa yana lilo. Busassun ganye suka fara wucewa a ƙarƙashinta, da saiwoyi, da gutsattsarin haske. Susan ba ta tsaya a nan ba, tafiya take yi, irin tafiyar nan mai sauri marar girgiza, tana bin 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin itatuwa. Ƙamshin man kaɗe da hayaƙin murhu da gumi ya cika wa Rebecca hanci, ƙamshin da ashe yana cikin mafarkin ba ta taɓa lura ba. Yayyafi ya fara sauka a kan faffaɗan ganye can gaba, yana ƙara kamar gugguru. Ga dugadugai biyu suna ɗagawa suna sauka a cikin tsohon silifas, duk faso. A ta hagun akwai wani dogon tabo fari, ya taso daga ƙasa ya hau har kusa da idon sawu.

Ta daɗe tana kallonsa yana zuwa yana komawa. Dariyar su Labaran ta yi nisa, ko kuma sun daina, ba ta sani ba.

"Mama," ta ce da Gbagyi, harshen da ta kwana biyu ba ta yi a gaban mutane ba, "ƙafar nan jini take yi."

Susan ta rage sauri kaɗan.

"Kin tuna ashe. Kututture na taka. Praise na bayana, ke kina nan, ba halin tsayawa."

"Baba fa?"

Sai da suka wuce wata ƙatuwar ɗorawa kafin amsar ta zo.

"Shi ya ce in tafi da ku. Da gari ya waye na koma na ɗauko shi. Shi dai bai san an ɗauko shi ba."

Rebecca ta yi kuka a nan, kai a ƙasa, hawayen suna bin goshinta suna shiga gashi. Baƙin ciki ne, da kunya, da wani daɗi da ba ta san sunansa ba, duk a haɗe. Shekara da shekaru tana tono a cikin memorin mutane, matar kuwa tana bayanta a hanyar kasuwa, ɗauke da doya.

Susan ta juyo da ita ta dawo wurin da suka bari, ta dire ta a tsaye, tana haki kaɗan, don shekaru sun ja. Ba ta rarrashe ta ba. Ta kama kafaɗar Rebecca ta dama ta nuna mata inda cikin mutum zai zauna, ta daki gwiwarta ta ce nan za ta lanƙwasa, baya ya tsaya a miƙe, ƙafa ce za ta tashi da kayan. Ta ce kuma ta bar kanta fili, don da shi za ta duba hagu da dama, da shi za ta ji in ana biyo ta. Ta faɗi wannan da Hausa, ba don kowa ba, haka dai ya zo mata. Sannan ta koma ta ɗauki daronta, ta ce ruwa zai jiƙa mata shanya a gida.

Munzali ya buɗe baki zai yi maganar caji, ya fasa. Aka jingina Juwairiyya da bishiya, yanzu ba ta dariya. Rebecca ta share fuska da bayan hannu, ta sunkuya, ta sa kafaɗa, ta lanƙwasa gwiwa. Nauyin ya sauko mata gaba ɗaya kamar zai nutsa ta cikin ƙasa, ƙashin kafaɗar ya yi zafi, ƙafarta ta hagu ta zame a laka. Sai ta ji nauyin ya sami wurin zama. Ta miƙe. Labaran ya zare tabarau, ya kai hannu ya kashe babur ɗinsa da kansa.

Munzali ya ce akshin, ya bi ta da waya yana tafiya a karkace. Matsalar ita ce matan kaɗanya sun riga sun hau hanya, Susan ce ta ƙarshe a layin, kuma ta shigo cikin hoton sosai, da daronta da karkataccen wuyanta. Ya yi ta yi mata alama da hannu ta kauce, ba ta ma san yana yi ba. Ruwa ya sauko da gaske, zoɓon rigar Juwairiyya ya narke ya bi bayan Rebecca yana ɗiga a kan ganye. Da suka kai inda aka shirya tsayawa, Munzali ya ce kat. Ya sake cewa kat, ya ce ya yi, ya yi kyau, ta sauke ta haka nan.

Rebecca ta ji shi sarai. Juwairiyya ma ta ɗan taɓa mata baya ta ce an gama. Amma gonakin masara suna can gaba, da sauran tafiya kafin a fita daga daji, kuma karo na farko ke nan da take bayan mahaifiyarta. Ta gyara riƙon da ta yi wa Juwairiyya, ta kafa ido a kan dunduniyar hagu, ta ci gaba da binta.